Ƙafar da Ta Riga Mama Kwanciya

Na gode wa Ubangiji da ya ba ni uwa irin Mama Saratu. Na kuma gode masa da ya ƙara mini shekara uku da ita bayan na kusa kashe ta da hannuna, ba don ƙiyayya ba, don tsabar so. Sunana Hannatu, ɗinki nake yi a Agege, kuma na zauna rubuta wannan ne saboda duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa mai ciwon suga a gida. Wanda ya ga labarin ya yi tsawo ya yi haƙuri, jinyar ma ba gajeriya ba ce.

Mu Hausawa ne, Kirista, 'yan wani ƙauye a kudancin Katsina. Har yau a Agege akwai masu sakin baki in sun ji ina zuba Hausa, sannan ranar Lahadi sun gan ni na ɗaura ɗankwali zan tafi sujada. Babanmu direban tirela ne, shi ya kawo Mama Legas tana amarya. Ina shekara goma sha ɗaya motarsa ta faɗi a hanyar Arewa, aka kawo mana akwati a rufe, aka binne. Daga nan Mama ta riƙe mu da tandar masa a bakin layin dogo, kusa da masallaci, har ta aurar da mu duka. Ƙannena biyu suna can gida da mazajensu. Ni nawa auren bai yi ƙarko ba, na dawo muka ci gaba da zama ɗaki ɗaya ni da ita.

Akwai wata ɗabi'ar Mama da take ba ni kunya tun ina yarinya. Duk jana'izar da ta je, in an zo zuba ƙasa, sai ta ɗebi tata, ta leƙa ramin ta ce, “Sai da safe,” kamar mai sallama da maƙwabciya. Na taɓa ce mata, “Mama, don Allah ki daina, mutane za su ce ba ki da tausayi.” Ta ce, “To ƙarya na yi? In dai Yesu ya tashi, wannan ma kwanciya ya yi.” Ni ma na yarda da tashin matattu, kowace Lahadi nakan faɗa da bakina tare da jama'a. Ashe ni a baki kawai abin ya tsaya mini.

Ciwon ya fara ne daga garwashi guda. Wata safiya tana suya ya faɗo mata a kan babban yatsan ƙafar dama, ya zauna ya ci nama har ya mutu da kansa, ita ko a jikinta. Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu da ƙofar ɗakinta take kallon tamu shekara ashirin, ita ta ga bororon da yamma ta yi salati. “Maman Hannatu, me ya same ki haka?” Mama ta duba ta ce, “Af! Ikon Allah, ni ban ma ji ba.” Mu kuma, sakarkaru, sai muka hau yabonta, wai Mama akwai jarumta. Ku ji ni da kyau: mai suga in wuta ta ƙone shi bai ji ba, ba jarumta ba ce, ƙafar ce ta fara mutuwa. An gaya wa Mama tana da suga shekara huɗu kafin nan, amma maganin sai ranar da ta ga dama, wai jiri yake sa ta.

Mako biyu na farko kowa ya zama likita a gidanmu. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce man shanu. Mai gidan hayarmu, Bayarabiya, ta kawo jiƙon sassaƙe a gora, baƙi ƙirin, mai ɗacin da ya sa Mama ta ambaci sunan kakarta. Mai kemis ya fasa kafso ya barbaɗa a kai ya ɗaure. Ni ma ban zauna ba, na kawo man zaitun da aka yi wa addu'a ina shafawa safe da yamma. Duk da haka kullum da sassafe tana bakin tanda da ƙafa naɗe da tsumma, don ta ce masu fitowa daga masallaci ba za su karya da iska ba.

A mako na uku yatsan ya yi baƙi. Sai magana ta canza, aka ce ba wuta ba ce, asiri ta taka, wata mai ƙosai ce da ke tsallaken titi ta binne mata. Matar nan baiwar Allah ko cacar baki ba ta taɓa haɗa ta da Mama ba, amma na yi kwana uku ina hararar ta. Allah ya yafe mini. A mako na huɗu wari ya fara, irin wanda turare ba ya rufewa, ga zazzaɓi, ga ƙishirwa kamar ta shanye rijiya. Ranar da ta kasa ɗaga ludayin ƙullu, Hajiya Rabi ta yafa mayafinta ta ce, “Hannatu, in ba za ki kai ta asibiti ba, ni zan kai ta.” Muka tare keke mai ƙafa uku muka tafi.

Babban asibitin gwamnati, hm. Ba zan kama suna ba, don akwai mutanen kirki a ciki, amma mun ga tasku. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma kowane layi in ka kai gaba sai a ce mai aikin ya fita. Mun isa da hantsi, ba a kwantar da ita ba sai bayan la'asar, shi ma sai da wata ta rasu aka sami gado. Auduga, safar hannu, ruwan wanke ciwo, duk kai za ka sayo. Kan keken ɗinkina na biyu a makon nan na sayar da shi, ban ko waiwaye shi ba.

Likitan da ya duba ta saurayi ne siriri daga gabas, ba ya jin Hausa, ba ya jin Yarbanci, sai Turanci. Ya latsa tafin ƙafar, ya latsa sama da idon sawu, sannan ya yafito ni waje. Kalma ɗaya tasa ta zauna mini a kai har gobe: gangarin. Ya ce naman ya mutu, kuma mutuwar hawa take yi. In aka yanke yanzu, a ƙasan gwiwa za a tsaya, ta sami ƙafar roba ta ci gaba da tafiyarta. In aka jira, dafin zai shiga jini.

Na ce masa bai isa ba. Da ƙarfi na faɗa, har masu jinya suka leƙo. Na ce uwata da ƙafa biyu ta shigo, da biyu za ta fita. Bawan Allah bai yi fushi ba, ya ce in je in yi shawara da manya, amma kada in daɗe.

Babban da muke da shi a Legas shi ne Baffa Iliya, ƙanin babanmu, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Mutum ne mai tsoron Allah, ba zan ɗauki alhakinsa ba, shi ya tsaya mana tun rasuwar Baba. Ya zo da yamma, ya ji bayani yana murza hularsa. Sannan ya ce, “Abu biyu zan gaya miki. Na farko, ba a gaya wa majinyaci irin wannan magana, zuciyarta bugawa za ta yi. Na biyu, a gidanmu ba a taɓa binne mutum guntu-guntu ba. Yadda Allah ya ba mu jiki, haka za mu mayar masa da abinsa. Ranar da aka busa ƙaho matattu suka tashi, da me za ta tsaya a gabansa?” Ya ce mu ɗauki azumin kwana bakwai mu ga ikon Allah.

Maganar ta yi mini daɗi, don ita nake son ji. Kuma a nan na yi abin da har yanzu nake nadamarsa. Mama tana jin Yarbanci kamar 'yar Abekuta, amma Turancin likita ba ta kama shi, ga zazzaɓi yana ɗauke ta yana dawo da ita. Ni ce tafinta. Likita ya tsaya a kanta ya yi bayanin yanka tiryan-tiryan, ya ce in gaya mata. Na juya na ce, “Mama, ya ce ana ganin sauƙi, ki dinga cin abinci.” Ta ce, “To, a gode masa.” Na juya na ce wa likita, “Ta ce ba ta yarda ba.” Ya rubuta a takarda cewa majinyaciya ta ƙi.

Kwana bakwai muka yi a haka. Muna azumi, muna addu'a, baƙin yana hawa. Matan zumunta na cocinmu suna zuwa bibbiyu da kwanon abinci, su ma ba wadda na gaya wa. Hajiya Rabi kaɗai ta sani, kuma kullum sai ta ja ni gefe. “Hannatu, ki ji tsoron Allah. Addu'a ba ta hana magani. Ƙafarta ce, ki bar ta ta faɗi ra'ayinta.” Na ce mata ta bar mu da addininmu. Haka na gaya wa matar da take wanke wa uwata zani mai ruwan ciwo da hannunta. Ta kalle ni kawai, ta ɗauki bokitinta ta tafi famfo.

A rana ta takwas zazzaɓin ya ɗan sauka, hankalin Mama ya dawo sosai. Na fita sayen ruwa. Akwai wata dattijuwar nas, Bayarabiya, mai faɗa kamar me, wadda na tsana tun ranar farko don ta taɓa korata daga kan gado. Ashe tana wanke ciwon ta ce wa Mama da Yarbanci, “Iya, me ya sa kike taurin kai? Ki bari a cire ƙafar nan ki rayu mana. Jikokinki fa?” Yau in na ga matar nan a hanya har ƙasa nake durƙusawa.

Na dawo na tarar Mama ta sa an tayar da ita zaune. Baffa Iliya ya iso, Hajiya Rabi tana gefe da fulas ɗin kunu. Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Hannatu, an ce na ƙi. Yaushe aka tambaye ni?”

Baffa ya gyara murya ya ce, “Yaya Saratu, ni na hana. Don ke muka yi. Ba ma so ki je gaban Ubangiji da—”

“Da ƙafa ɗaya?” in ji ta. “Iliya, matso nan. Tun kana yawo ba wando na san ka, yau kai za ka koya mini tashin matattu?”

Tsakanin matar wa da ƙanin miji akwai wasa, sun saba tsokanar juna, amma ranar ba wasa a fuskarta. Ta ce, “Gaya wa 'yar nan abin da ka ɗauko a hanyar Arewa ranar da motar yayanka ta kama wuta. Gaya mata, ta girma.”

Baffa ya sunkuyar da kai. Ni ban taɓa jin wuta a labarin ba, faɗuwa kawai aka ce mana.

“To ni bari in faɗa. 'Yan ƙasusuwa ne da ba su cika ƙwaryar fura ba, da ƙarfen bel ɗinsa. A kwali ka kawo su. Kai da hannunka ka zuba yashi a akwatin don yaran nan su ga ana ɗauka da nauyi. Ni na riƙe maka buhun. Ƙarya na yi?”

Ya ce, “Ba ki yi ba.”

“To shi da bai tafi da ƙafa ko ɗaya ba, ba hannu, ba fuska, kana nufin ranar nan kowa zai tashi a bar shi a kwance? Shekara nawa ina kwana ina tashi da sa ran zan ga mutumin nan tsaye da dariyarsa. Da wannan na yi ta suyar masa, da wannan na yi tarbiyyar 'ya'yansa ban zauce ba. Yanzu ka zo ka ce mini Allah sai an kai masa kaya cikakku yake iya aiki? Wanda ya yi Adamu da turɓaya, ƙafar Saratu ce za ta gagare shi nema a Agege?”

Har matar gadon kusa, da ba ta jin Hausa, ta daina cin abincinta.

Mama ta numfasa ta ci gaba, a hankali yanzu. “Ni 'yar manomi ce. Ban taɓa ganin wanda ya tona rami ya zauna yana kuka don ƙwayar dawarsa ta ruɓe a ƙasa ba. Jikin nan iri ne. Ina son sa, ya yi mini bauta, amma ba zan mutu don in adana abin da ko na adana ƙasa za ta ci ba. Shi kansa Mai Ceto da ya tashi, da tabon ƙusa ya tashi, bai ji kunyarsa ba. In kwanana sun ƙare, ko da ƙafa huɗu zan tafi. In da saura, ina da aiki. Ku kira yaron nan likita, ku kawo takardar in dangwala. Hajiya, ke za ki tsaya kusa da wannan nas ɗin a yi mini tafinta da Yarbanci. Hannatu ta huta.”

Wannan “ta huta” ya fi mari zafi, kuma na cancanta. Baffa Iliya, dattijo da furfurarsa, ya dafa ƙarfen gado yana kuka kamar yaro. Hajiya Rabi tana share ido da bakin mayafi tana cewa, “Allahu akbar. Mu ma haka muka yarda, wanda ya fara halitta ba ya gaza maimaitawa.”

Likita ya zo ya sake dubawa, ya daɗe yana latsawa. Da ya ɗago bai kalle ni ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ce yanzu ƙasan gwiwa ba zai yiwu ba, sai sama. Kwana takwas ɗina sun cinye wa uwata gwiwa. Aka gaya mata da Yarbanci, kalma bayan kalma. Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta buɗe, ta miƙa babban yatsanta aka shafa tawada.

Aka ce sai an tanadi jini. Kafin azahar washegari benci ya cika: mazan cocinmu a gefe ɗaya, a ɗaya gefen masu cin masarta na ƙofar masallaci, har da wani mai gadi ɗan Maraɗi da ya ce shekara shida tana ƙara masa biyu a kan kuɗinsa, yau ya zo biya da abin da yake da shi. Da za a tura ta ɗakin tiyata na kama hannunta na ƙi saki. Ita ce ma take lallashina. Ta ce, “Ko ta wace ƙofa na fito, tashi zan yi. Saki hannuna, kina ɓata wa mutane lokaci.”

Ta fito da rai. Amma akwai abin da ba wanda ya shirya mu a kansa. Wani ma'aikaci ya same ni a baranda ya ce, “Ƙafar fa? Za ku karɓa ko mu haɗa da sauran kayan ƙonawa?” A coci ba a taɓa koya mana abin da ake yi da ƙafar mai rai ba. Hajiya Rabi ce ta ce, “Haba, a ƙone? Jikin ɗan Adam ne. Mu a wajenmu naɗewa ake yi a farin ƙyalle a binne.” Ta je gida ta yanko daga farin yadin da ta ajiye wa kanta a ƙasan akwati. Fastonmu ya nemo izini a maƙabartar da muke kai namu, can gaba da Abule Egba.

Kafin mu tafi na shiga na gaya wa Mama. Tana cikin magagin allura, leɓenta a bushe, amma ta gane. Ta ce, “Ki gaya mata ta yi aiki, na gode. Ki ce mata sai da safe.” Baffa Iliya ya karɓi shebur daga hannun masu haƙa, ya tona ɗan ramin da kansa. Ni kuma, da nake jin kunyar kalmar nan tun ina yarinya, na durƙusa na faɗe ta ga ƙafar da ta yi shekara talatin tana kai uwata bakin tanda.

Kada wani ya ɗauka Mama dutse ce. Mako uku muka ƙara a asibiti, kuma ta sha wuya. Yatsan da aka binne ya dinga yi mata ƙaiƙayi, ta kai hannu ta sosa katifa. Wani lokaci ta yi dariya ta ce ƙafar ce take aiko gaisuwa, wani lokaci ta ciji zani don zafi. Bayan mun koma gida da kwana biyu ta farka daga barcin rana, ta manta, ta sauko za ta taka, ta zube a ƙasa. Na same ta tana kuka irin wanda ban taɓa gani ba ko a mutuwar Baba. Na ce, “Mama, ina bangaskiyar?” don ban san abin da zan ce ba. Ta ce, “Tana nan. Na san zan tashi da ita. Amma yau da zafi, ki bar ni in yi kukana.”

A ƙasan nan muna zaune na roƙe ta gafara. Na ce ni na ci gwiwar, da na faɗi gaskiya da yanzu ana maganar ƙafar roba mai sauƙi. Ta ce ta sani, kuma ta yi fushi, fushi sosai, kwana uku ba ta son ganin fuskata, ta dai yi shiru ne. Sannan ta dungure mini kai ta ce, “Gwiwar tana inda ƙafar take, tare za su dawo. Amma ƙarya, Hannatu, ko ta so ce, kada ki ƙara yi mini.”

Bayan 'yan kwanaki na tattara duk takalmanta na ƙafar dama a leda zan zubar, don kada ta dinga gani ranta yana ɓaci. Ta ce in zazzage ta gani. Ta bar ni na zubar da silifas da sauran, amma ta ciro farin takalminta na zumunta, wanda take sawa da anko in za su yi waƙa. Ta haɗa shi da na hagun ta ce, “Wannan ki goge ki ajiye. Na hagu zan ci gaba da sawa. Ranar da na kwanta ki sa mini duka biyun a akwati.” Na ce, “Mama, wace irin magana ce wannan?” Ta ce, “So kike in tashi da ƙafa biyu da takalmi ɗaya, babanku ya yi mini dariya?”

Ista ta zo ba ta fi wata guda da fitowa ba. Na ce ta zauna a gida, ta ce ko a baro sai an kai ta. Baffa ya sayo mata sanduna a Mushin, muka sa ta a keke. Ita ce mai kiɗan tulu a zumuntar mata, kuma tulu a zaune ake buga shi, don haka ba abin da ya ragu. Da matan suka tayar da waƙar tashin Almasihu, ta rungumi tulunta a cinya tana bugawa, dungun yana rawa a ƙarƙashin zani yana bin kiɗa. Mutane suna ta kallonta suna hawaye, ita tana harararsu don sun ɓata amshi. A ranar na fara jin maganar da nake faɗa kowace Lahadi ta sauka daga bakina ta shiga cikina.

Ta koma suya, a kan kujera mai tudu, ni ina kai mata kaya kafin in buɗe shago. Ta zama 'yar sandan ƙafafu a layin dogo. Duk dattijon da ya zo sayen masa sai ta ce ya cire takalmi ta gani, kuma mutum biyu na sani da ta kora asibiti da bakinta suka tsira da yatsunsu. In an yi rasuwa a unguwa, ta Musulmi ko ta Kirista, da sandunanta take zuwa gaisuwa. Ba ta wa'azi, zama kawai take yi kusa da mai takaba ta riƙe mata hannu.

To ga abin da na zauna rubutawa dominsa. Mai suga a duba masa tafin ƙafa kullum kamar yadda ake duba wa jariri. Ƙaramin ciwo in ya kwana uku bai kama hanyar warkewa ba, a bar zuma da kafso a tafi asibiti, komai tsawon layi. A yi addu'a, ni ma ina yi, amma a yi ta a kan hanyar zuwa. Kuma don girman Allah kada a ɓoye wa majinyaci maganar jikinsa. Muna cewa zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, alhali tamu ce ba ta ɗauka.

Shekara uku ta ƙara. A cikinsu ta ga jikoki biyu, ta yi wa 'yar Hajiya Rabi masar biki da hannunta. Bara da damina zuciyarta ta tsaya, da rana tsaka, tana tsince shinkafar ƙullu. Ba ta sha wuya ba. Matan zumunta suka yi mata wanka, Hajiya Rabi tana miƙa musu ruwa, suka sa mata ankonta.

Da aka zo rufe akwati na ce a dakata. Na ciro ledar fararen takalman nan daga ƙasan gado. Na hagun ya sha wuya, dunduniyarsa ta cinye, farinsa ya koma ruwan ƙasa. Na daman yana nan fes, ko ƙura babu. Wata daga cikin matan ta raɗa mini cewa na daman ba shi da amfani, in bar shi. Kafin in buɗe baki Baffa Iliya ya miƙo hannu ya karɓa. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya sunkuya ya ajiye shi daidai inda ƙafar ya kamata ta kasance, ya gyara masa zama ya daidaita da ɗan'uwansa.

Ya ce, “Za ta nema da safe. Ku rufe.”